Zaɓen Hanyar da Saƙo Zai Bi a Sadarwar Rediyo Tsakanin Ofisoshi: Tsayayyen Tsari ko Mai Sauyawa?

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa barin gonarsa ya biya kuɗin mota zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma domin yin rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa, ko ya raka ɗansa yin rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ake rubuta ta da kwamfuta, ya san takaicin a ce masa babu netwok, ya dawo gobe. Haka ma ma'aikacin asibitin karkara da ke son aika rahoton wata-wata zuwa ma'aikatar lafiya, ko akawun da ke jiran takardun albashi daga babban birnin jiha. A irin wannan hali akan ɗora laifi a kan rashin wuta ko hadari ko lalacewar kaya, kuma sau da yawa hakan ne. Amma akwai lokacin da kayan lafiyarsu lau, asalin matsalar kuwa wata shawara ce da aka yanke tun ranar da aka kafa su, ba tare da jami'in da ya sa hannu a takardar kwangila ya san an yanke ta ba.

Shawarar ita ce: wace hanya saƙo zai bi daga wannan ofishi zuwa wancan, kuma wa zai zaɓa masa ita? Ko dai ɗan'adam ya rubuta hanyar da hannunsa ta zauna daram, abin da za mu kira tsayayyen tsari, ko kuwa a bar na'urori su riƙa tuntuɓar juna suna zaɓar hanya da kansu, abin da za mu kira tsari mai sauyawa. Mun ga ya dace mu yi bayanin waɗannan tsare-tsare biyu, domin jami'an da ke kashe dukiyar al'umma a kan irin wannan aiki su san abin da za su tambaya, jama'a kuma su fahimci abin da aka kafa a garinsu.

Yadda saƙo ke tafiya

A yankunan da wayar faiba ba ta kai ba, hanya mafi sauƙi ta haɗa ofisoshi biyu masu nisa ita ce a kafa dogon turken ƙarfe a kowane ɓangare, a ɗaura masa eriya da ƙaramar na'urar rediyo, eriyoyin biyu suna kallon juna. Wannan rediyo dabam yake da wanda muke sauraren labarai da shi, domin aikinsa ɗaukar saƙon na'ura mai ƙwaƙwalwa ne. Yawancin irinsa sun samo asali ne daga ƙa'idar IEEE 802.11 da aka fitar a 1997, wadda a yau aka fi sani da Wi-Fi, kuma suna aiki a kan gigahaz 2.4 ko gigahaz 5. Aikin ba baƙo ba ne a Arewa, domin tun cikin shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan a Jihar Kaduna ta kafa irinsa domin al'ummar yankin, mai suna Zittnet.

Kwamfuta ba ta aika saƙo a dunƙule. Tana yayyanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki a ɗaure shi kamar ƙunshi, a goshinsa a rubuta adireshin wanda ya aiko da na wanda za a kai wa. Adireshin nan, wanda ake kira adireshin IP, a tsarin da aka shimfiɗa a 1981 kuma ake amfani da shi har yau, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 10.1.2.15. A 1996 aka keɓe adireshi masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da kuma 172.16 zuwa 172.31, domin kowace hukuma ko kamfani su yi amfani da su a cikin gida.

Ana raba adireshin rukuni-rukuni. Masu sana'ar suna kiran kowane rukuni sabnet, mu kuwa za mu kira shi unguwa, saboda kamar yadda wasiƙa ke ɗauke da sunan unguwa da lambar gida, haka adireshin yake. A misalinmu, 10.1.2 ita ce unguwar, 15 kuma lambar gidan. Unguwa irin wannan tana da adireshi 256, daga ciki ana iya raba wa na'urori 254.

Dalilin rabawar shi ne, na'urorin da ke unguwa ɗaya suna yawan yin shela wadda kowa ke ji. Idan aka haɗa ofisoshi goma a unguwa guda, kamar yadda wasu ke yi don saurin gama aiki, kowace shela sai ta ratsa kowane rediyo, kuma kwamfuta ɗaya da ta kamu da cuta tana iya cushe hanyar kowa. Saboda haka ake bai wa kowane ofishi unguwarsa, a ajiye wata na'ura a bakin ƙofa, wadda ake kira rauta. Rauta tana riƙe da jadawalin hanyoyi, mai nuna cewa saƙon unguwa kaza, maƙwabciya kaza za a miƙa wa. Ba ta raka ƙunshi har gida. Iyakarta ta miƙa shi ga rauta ta gaba. Kowane tsallake daga rauta zuwa rauta za mu kira shi zango, kamar na fatake. Batun da ke gabanmu duka a kan yadda ake cika wannan jadawali ne.

Tsayayyen tsari

A tsayayyen tsari injiniya ne ke zama ya rubuta kowane layi na jadawalin. Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi, da wurare huɗu a jere: hedikwata mai unguwa 10.1.1, wadda ita ce ke da layin intanet. Sai sakatariya mai 10.1.2, sai asibiti mai 10.1.3, sai makaranta mai 10.1.4. Hedikwata na kallon sakatariya, sakatariya na kallon asibiti, asibiti na kallon makaranta.

Rautar makaranta layi ɗaya kawai take buƙata, mai cewa duk saƙon da ba na cikin gida ba ne a miƙa wa asibiti. Irin wannan layi shi ake kira hanyar gama-gari. Rautar asibiti na buƙatar biyu: na makaranta, da na gama-gari zuwa sakatariya. Ta sakatariya na buƙatar uku, ta hedikwata huɗu. Jimla layi goma ke nan, waɗanda za su shiga shafi ɗaya na littafin rubutu.

Fa'idar wannan tsari a fili take. Yana da sauƙin fahimta, ba ya cin komai daga ƙarfin rediyo, ƙaramar rauta mai araha za ta iya ɗaukarsa, kuma babu wata na'ura daga waje da za ta raɗa masa hanyar ƙarya ya karɓa. Ma'aikacin da ya samu ɗan horo zai iya duba jadawalin ya gano inda kuskure yake.

Sai dai yana da rauni uku. Na farko, aiki yana ƙaruwa da ƙaruwar wurare. Inda hanyoyi suka sarƙe har ya zama dole kowace rauta ta san kowace unguwa da sunanta, wurare 20 za su buƙaci layi 380, wato 20 sau 19. A jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamar Kano, lissafin zai kai layi 1,892. Na biyu, kuskuren hannu. An fi mantawa da hanyar dawowa: saƙo ya isa makaranta, amma amsarsa ta rasa hanyar komawa. Haka kuma idan rauta biyu suka nuna wa juna, ƙunshi zai yi ta kai-kawo a tsakaninsu har adadin zangon da aka ɗiba masa ya ƙare a jefar da shi.

Rauni na uku shi ne mafi girma: tsayayyen tsari ba ya sanin abin da ke faruwa a hanya. Kamar allon nuna hanya yake a mararraba, wanda zai ci gaba da nuna gada ko da ruwa ya cinye ta. A ce a misalinmu an ƙara kashe kuɗi an haɗa makaranta da hedikwata kai tsaye, wuraren huɗu suka zama zobe. Ranar da batirin sakatariya ya mutu, asibiti yana da hanyar da zai zagaya ta makaranta, amma jadawalinsa sakatariya kawai ya sani. Zai zauna a yanke har sai an samu wanda zai zo ya sake rubutu, alhali hanyar da aka biya kuɗinta tana zaune ba aiki.

Tsari mai sauyawa

A tsari mai sauyawa rautoci ne ke cika jadawalinsu ta hanyar ba juna labari, kamar yadda direbobin tasha ke sanar da juna da damina cewa hanya kaza ta yanke, a zagaya ta wuri kaza. Akwai ƙa'idoji da dama na wannan tattaunawa.

Tsohuwa daga cikinsu ita ce RIP, wadda aka rubuta ƙa'idarta a 1988. Kowace rauta tana karanta wa maƙwabtanta jadawalinta duk bayan daƙiƙa 30, kuma hanyar da ta fi ƙarancin zango ita ake zaɓa. Ba ta wuce zango 15, sannan idan maƙwabciya ta yi shiru sai an jira daƙiƙa 180, wato minti 3, kafin a yanke ƙauna da ita.

Wadda aka fi amfani da ita a cikin hukumomi da kamfanoni ita ce OSPF, wadda ta fara fitowa a 1989, aka kuma fitar da daidaitacciyar ƙa'idar siga ta biyu a 1998. A nan kowace rauta tana gaida maƙwabtanta duk bayan daƙiƙa 10, kuma idan daƙiƙa 40 suka wuce ba a ji gaisuwar wata ba, sai a ɗauka hanyarta ta yanke, a sanar da kowa. Kowace rauta tana riƙe da taswirar dukkan hanyoyi, kowace hanya da lambar tsadarta, sai ta lissafa wadda ta fi araha da dabarar da masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa a 1959. A misalinmu na zobe, kimanin daƙiƙa 40 bayan mutuwar batirin sakatariya, saƙon asibiti zai koma bi ta makaranta ba tare da kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Akwai ma wata ƙarin ƙa'ida mai suna BFD, ta 2010, wadda ke iya gano yankewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Bayan waɗannan akwai waɗanda aka tsara musamman domin rediyoyi masu yawa da ke sarƙe da juna kamar raga, irin su OLSR ta 2003, da Babel ta 2011, da B.A.T.M.A.N. wadda ta fito daga ƙungiyar Freifunk ta ƙasar Jamus. Ita kuwa BGP, da ita manyan kamfanonin intanet ke magana da junansu.

To, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tsari mai sauyawa yana buƙatar mai kula da ya san kansa, domin idan ya rikice, gano dalili ya fi wuya nesa ba kusa ba. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, ba ya ƙirƙiro hanyar da babu. Inda hanya ɗaya ce tak, idan ta yanke ta yanke, ko da wace ƙa'ida ake amfani.

Abin da ya bambanta rediyo da waya

Yawancin waɗannan ƙa'idoji domin waya aka tsara su, ita kuwa waya ko dai tana aiki ko ta tsinke. Rediyo yana da hali na uku, wato ya zama rai kwakwai mutu kwakwai. Guguwar farkon damina tana karkatar da eriya, ruwa yana shiga mahaɗar waya, itatuwan da ke tsakanin turaku biyu suna tofo su tare hanya. Masana sun ce ganin juna kaɗai bai isa ba. Akwai wani fili da ke kewaye da layin da ke tsakanin eriyoyi biyu, wanda ake so aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya kasance babu shinge. Ruwan sama shi kansa bai cika rage ƙarfin gigahaz 2.4 ko 5 ba, amma yana illa sosai ga rediyon da ya haura gigahaz 10. Da hunturu kuma ƙura tana rufe farantin sola, batir ya kasa kai wa asuba. Wannan hali yana haifar da tarkuna huɗu.

Tarko na farko ya shafi tsayayyen tsari. Ana iya rubuta hanya ta biyu ta ko-ta-kwana, wadda za ta fara aiki idan ta farko ta faɗi. Sai dai rauta tana haɗe da rediyonta ne da 'yar gajeriyar waya, kuma wannan waya lafiyarta lau ko da rediyon ya daina jin ɗan'uwansa na can nesa. Rauta sai ta ɗauka komai daidai ne, ta ci gaba da zuba saƙo a rijiya. Maganinsa shi ne a umarce ta ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar rauta ta gaba lokaci-lokaci, in ba ta ji amsa ba ta sauya. Rautocin MikroTik, alal misali, suna da wannan tanadi, amma sai an kunna shi.

Tarko na biyu shi ne ƙidayar zango. A ce akwai doguwar hanya mai zango ɗaya wadda rabin ƙunshi kawai ke isa, rabin amsa kawai ke dawowa, sannan akwai wata mai zango biyu wadda a kowane zango kashi 90 cikin ɗari ke isa, kashi 90 ke dawowa. RIP ta farkon za ta zaɓa, tunda zango ɗaya bai kai biyu ba. A 2003 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da wani ma'auni mai suna ETX, mai ƙiyasta sau nawa za a aika ƙunshi kafin ya isa a kuma ji amsa. A kan wannan ma'auni hanyar farko tana cin aike 4, ta biyu kuwa kusan 2.5 a zangon biyu duka. Ashe Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Tarko na uku ya shafi OSPF. Idan ba a rubuta mata tsadar kowace hanya ba, a wasu rautoci takan ƙiyasta ne daga ƙarfin gajeriyar wayar nan da ke tsakanin rauta da rediyo, a wasu kuma takan bai wa dukkan hanyoyi lamba iri ɗaya. Ko ta yaya, rediyo mai rauni da mai ƙarfi sun zama ɗaya a idonta. Wajibi ne injiniya ya auna kowace hanya ya sa mata tsada da hannu. Bugu da ƙari, gaisuwar OSPF a bisa al'ada shela ce, kuma a ƙa'idar Wi-Fi ba a maimaita shelar da ta ɓata a iska. Don haka gwanaye kan saita ta yadda za ta gaida kowace maƙwabciya da adireshinta.

Tarko na huɗu shi ne hanya mai ɗaukewa tana dawowa. Duk lokacin da ta ɗauke sai a sake lissafi, ta dawo a sake, har ofisoshin da ba su da matsala su fara jin jijjiga. Rage lokacin jira fiye da kima yana ƙara wannan cuta. Wani lokaci gara a kashe irin wannan hanya gaba ɗaya har a gyara ta.

Kuskure mai yaɗuwa

Tunda rautoci suna gaskata abin da maƙwabtansu suka faɗa, labarin ƙarya yana yaɗuwa da saurin na gaskiya. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa aka shelanta wa duniya ta BGP cewa a bi ta wurinsa zuwa wasu adireshin Google. Saƙonnin mutane da dama suka karkata ta ƙasashen Sin da Rasha, wasu ayyukan Google suka samu tangarɗa fiye da sa'a ɗaya, kuma kamfanin ya fito ya amsa cewa kuskure ne. Idan haka ta faru ga ƙwararru, to ƙaramar rautar da wani ma'aikaci ya sayo a kasuwa ya jona a ofis tana iya yin irinsa a ƙaramin mataki. Shi ya sa ake sa wa tattaunawar rautoci kalmar sirri, a kuma hana su yin ta a ƙofofin da ma'aikata ke jona kwamfutocinsu.

Har ila yau, idan tsare-tsaren biyu suka haɗu a rauta ɗaya, akwai lambar fifiko, kuma ƙaramar lamba ce ke rinjaye. A rautocin Cisco da MikroTik tsayayyar hanya tana da 1, OSPF 110, RIP 120. Ma'ana, tsohon layin da aka rubuta da hannu aka manta da shi zai danne hanyar da OSPF ta samo zuwa wannan unguwa.

Yadda za a yanke shawara

Kafin a tambayi wane tsari ya fi, a fara zana taswirar turakun a takarda, a duba abu uku.

Na ɗaya, hanya nawa ce daga kowane ofishi zuwa hedikwata? Idan kowa hanya ɗaya yake da ita, ko dai duka suna kallon turke ɗaya ko suna jere, tsayayyen tsari ya wadatar, ƙarin wani abu ƙarin wahala ne kawai. Idan kuwa akwai zobe, ko akwai layin intanet na biyu, kamar na tauraron ɗan'adam a wani ofishi, to an riga an biya kuɗin hanya ta biyu, kuma tsari mai sauyawa ne zai sa a ci moriyarta.

Na biyu, wurare nawa ne, kuma ana sa ran ƙari? Wurare biyar da ba za su ƙaru ba dabam suke da ashirin da ake ƙara musu sababbi kowace shekara.

Na uku, wa zai kula da kayan bayan ɗan kwangila ya tafi? Idan babu ma'aikacin da ya san OSPF, kuma babu kasafin horar da shi, to a sani an sayi motar da babu makanikenta a gari. A irin wannan hali ko dai a sa horo a cikin kwangilar, ko a tsaya ga tsayayyen tsari mai hanyar ko-ta-kwana da aka gwada.

A mafi yawan lokuta, abin da muke ganin ya fi dacewa da yanayinmu shi ne haɗa biyun. Manyan turaku da ke haɗa garuruwa, inda ake da zobe da wuta mai ɗorewa, su yi aiki da OSPF. Ƙananan wurare na ƙarshen layi, kamar ɗakin shan magani ko makarantar firamare, a ba su layi ɗaya na gama-gari. Sannan a raba adireshi bisa tsari tun farko, misali duk unguwannin ƙaramar hukuma ɗaya su fara da 10.1, na ta biyu da 10.2, yadda layi ɗaya zai wakilci ƙaramar hukuma sukutum. Tun ran gini ake zane.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa ɗan kwangila

Matambayi ba ya ɓata. Muna ba jami'ai shawarar kada su sa hannu a takardar kammala aiki sai sun samu amsar waɗannan:

1. Ina taswirar da ke nuna kowane turke, da kowace hanya, da adireshin kowace unguwa?

2. Wane tsari aka yi amfani da shi, kuma mene ne dalili?

3. Idan turke kaza ya mutu, waɗanne ofisoshi ne za su yanke? A kashe shi a gaban jami'ai, a duba agogo, a ga ko hanya ta biyu ta karɓa da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka.

4. An miƙa wa hukuma kalmomin sirri na dukkan na'urori, da kwafin saitinsu?

5. Wane ma'aikaci aka horar, kuma an gan shi ya ƙara sabuwar hanya da hannunsa?

6. Sa'a nawa batir zai ɗauka idan babu rana, kuma an binne wayar kariya daga tsawa?

7. An tabbatar da cewa rediyoyin sun dace da ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa alhakin kula da wannan fanni?

Gudummawar jama'a

Babu tsarin da zai yi aiki idan turke ya faɗi ko an sace batir. Muna roƙon iyayenmu sarakuna da shugabannin al'umma su sa ido a kan kayan da aka kafa a yankunansu. A hana yara hawa turke, a guji jona cajin waya a batirinsa, a sanar da hukuma idan an ga eriya ta karkace bayan iska ko itace ya yi tsawo a gabanta. Ma'aikata kuma su ajiye littafi su riƙa rubuta ranar da sadarwa ta ɗauke, da lokacin, da yanayin sama. Wannan ɗan littafi yana taimaka wa injiniya ya bambance matsalar wuta da ta eriya da ta jadawalin hanyoyi, maimakon ya yi ta laluɓe.

Kammalawa

A taƙaice, inda hanya ɗaya ce, a rubuta ta da hannu a adana takardar. Inda hanyoyi suka kai biyu, a bar na'urori su zaɓa, amma a auna musu ƙarfin kowane rediyo, a kulle tattaunawarsu, a kuma tanadi mai kula da su. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi ta hanyar kashe turke ɗaya da gangan tun ɗan kwangila yana nan, kafin damina ta gwada shi bayan ya tafi. Mai buƙatar ƙarin bayani yana iya tuntuɓar jami'in watsa labarai na ƙaramar hukumarsa, wanda zai isar da tambayarsa ga sashen da abin ya shafa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar dukiyar jama'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.